Kwana Bakwai da Ba a Wanke Ciwon Baba Ba

Ƙaurin bagaruwa da aka tafasa ne ya tashe ni ranar da na fara ganin ciwon Baba da idona. Kwanana uku ke nan da dawowa Rano daga makarantar horon malamai mata ta Kano. An ba ni aji a elementare, kaina cike yake da waƙoƙin da zan koya wa yara. Na fito tsakar gida na tarar da Inna a durƙushe bakin murhu tana tace ruwan a ƙwarya, ya yi ja kamar shayin da ba a sa wa madara ba. Ni ce 'yar fari, don haka ba ta kiran sunana. Ta ce, "Ke, zo ki riƙe masa ƙafar. Hannuna biyu ne kawai."

Baba tsohon soja ne, duk garin Saje ake ce masa. Ya tafi yaƙin Bama, na yaƙin duniya na biyu, ina rarrafe, ya dawo ina iya ɗauko masa buta, da ɓarɓashin ƙarfe a ƙwaurinsa na hagu. Ciwon ya rufe ya bar tabo, ya yi shekara fiye da goma yana tsaron sito da sikeli a wani kamfanin sayen gyaɗa. Kowane wata ana cire masa 'yan sulalla a zuba a asusun ma'aikata, saboda tsufa ko rashin lafiya. Shekara guda kafin in gama makaranta tabon ya buɗe, tsayuwa a gaban sikeli ta gagare shi, kamfani ya sallame shi. A wasiƙun da ake rubuto mini ba wanda ya ce komai sai "ƙafar Saje tana ɗan damunsa."

Tun daga nan kuɗi biyu ke shigowa gidanmu a ƙarshen wata. Gwamnati tana ba shi kuɗin rauni na soja, fam ɗaya da sule goma, ya dangwala yatsa a ofishin hakimi. Kamfani kuma yana ba shi fam biyu da sule goma daga asusun nan, ta hannun akawunsu Malam Tanko. Fam huɗu ke nan. Mun ɗauka kamar rijiya biyu ne a gida ɗaya, kowacce da ruwanta. Saboda wannan zaton nake rubuta labarin nan, don masu jinyar wanda yake karɓar kuɗi ta ƙofa biyu su tambaya tun da wuri ko ɗayan yana kallon ɗayan.

Da Inna ta kwance tsumman, sai na ga ɗan rami ne bai fi bakin kwabo ba, sama kaɗan da idon sawu. Amma ƙwaurin duka ya kumbura yana sheƙi, ramin kuma yana tsatsar wani ruwa fari-fari. Na kawar da kai. Baba ya yi dariya ya ce, "Uwani, ashe boko bai koya miki kallon ciwo ba?" Sunan mahaifiyarsa aka sa mini, shi ya sa yake ce mini Uwani. Na ce ina kallo. Ya ce, "To riƙe da ƙarfi, uwar soja ba ta rawar hannu."

A makon farko zazzaɓi yakan zo masa bayan la'asar, ya sake shi da gumi. Malam Isa, malamin ɗakin shan magani, ya zo ya duba, ya ce ciwon a ƙashi yake, wanki kawai ba zai kai can ba, sai allurar penisilin kullum. Tasu ta ƙare, ba a san ranar da za a kawo ba, sai dai a sayo a kantin magani a Kano, kwalba sule biyu. Na yi lissafi a bayan littafin ajina: fam uku a wata, saura fam ɗaya na cefane da ƙannena mata biyu. Albashina kuwa an ce sabon malami sai ya yi wata uku kafin sunansa ya hau takarda. Muka ce a sayo. Wani direba da ke zuwa Kano ranar Litinin yake taho mana da ita, bai taɓa karɓar ko ahu ba. Malam Isa kuma yakan biyo da kekensa kowace safiya ya yi allurar. Allah ya saka musu.

A mako na uku kumburin ya fara saɓewa. Baba ya dogara sanda ya fita zaure, ya zauna yana kallon duwatsun bayan gari da ruwan farko ya wanke. Na tuna ranar sosai. Ƙasa tana ƙamshi, gero ya tsiro kamar gashin jariri, ya ce in karanta masa abin da nake rubutawa a ɗan littafina. Na karanta masa baiti huɗu a kan hadari. Ya ce, "Da daɗi. Amma hadarinki bai yi tsawa ba."

'Yan dubiya ba su yanke ba, kowa da maganinsa. Goggo ta zo daga Nariya da saiwa a ƙunshe, ta ce a jiƙa da jar kanwa. Wata maƙwabciya ta ce wannan ba ciwon asibiti ba ne, taka wani abu ya yi a sito. Inna takan karɓa ta yi godiya, ta tura ƙarƙashin gado. Mutum ɗaya ne shawararsa ba ta shiga ƙarƙashin gado ba: Baffa Sale, ƙanen Baba, manomi a Lausu. Mutum ne mai surutu da son 'yan'uwa, in ya shigo gida har kaji sai sun san ya zo.

Ya zauna a bakin tabarma ya ce, "Yaya, kai kana nan kana ƙirga kwalabe, mutane suna can suna kwasar haƙƙinsu. Akwai wani tsohon soja a Rurum, hannu ne nasa, bai kai naka ba. An kai shi gaban likitocin gwamnati a Kano, suka sake dubawa, yanzu ninki biyu yake karɓa."

Inna daga bakin ƙofa ta ce, "Da wace ƙafar zai je Kano?"

"Da tawa, Yaya Hajara. Ni zan goya shi. Ga 'yar boko a gida, ta rubuta musu da Turancin da aka sayar da akuyoyi aka koya mata."

Baba ya bari Baffa ya gama cin tuwo. Sannan ya ce, "Uwani, ɗauko alƙalaminki."

Ba zan ɓoye ba, na ji daɗin rubuta wasiƙar nan. Sau uku na kwafe ta don kada a ga gogewa. Ina ganin ƙarin zai sa a daina zaɓi tsakanin allura da nama. Da na gama Baba ya ce in rubuta ta biyu zuwa kamfani, in sanar da su za a sake duba shi. Na ce ina ruwansu? Ya ce, "Na ci gishirinsu shekara goma sha biyu. Kada su ji a bakin wani."

Amsa ta zo a mako na shida, an sa mana ranar Talata, kwana tara a gaba, a tsakiyar marka. Gwamnati ba ta duba ciwo a takarda, sai an kai mata mai ciwon. A lokacin ramin ya kusa rufewa, ruwan ya ragu, zazzaɓin sai jefi-jefi. Baffa ya dawo, ya duba ƙafar, ya girgiza kai kamar wanda ya ga gona ta lalace.

Ya ce, "Haka za ku kai musu? Ai sai su ce ya warke, su rage ma wanda yake samu. Tsofaffin sojoji duk sun san ka'ida. Kwana bakwai kafin a shiga, ba wanki, ba allura. A bar ciwo ya faɗi gaskiyarsa."

Inna ta shigo ɗakin gaba ɗaya, abin da ba ta yi in yana da baƙo. Ta ce, "Sale, ka ji tsoron Allah. Wata ɗaya da rabi muna tafasa ruwa."

Ni ma na ce, "Baffa, Malam Isa ya ce in aka tsallake ko kwana biyu ciwon zai dawo da ƙarfinsa."

"Malam Isa ne zai ba ku fam uku? Ke dai ki tsaya a rubutunki, malamar yara."

Muka juya ga Baba, muna jiran ya kore maganar. Yana kallon rufin ɗaki. Ya ce, "A yi yadda Sale ya ce."

Washegari Malam Isa ya jingine kekensa, Baba ya ce masa ya huta sai bayan mako. Mutumin ya yi ta roƙo, har ya ce, "Saje, wannan ba jarumta ba ce." Baba ya ce ya sani. Inna ta tafasa bagaruwa duk da haka, ta kawo, ya ce a mayar. Kullum sai ta tafasa, kullum sai a zubar a bayan ɗaki, har ƙasar wurin ta yi baƙi.

Kwana biyu ba a ga komai ba. A na uku zazzaɓin ya dawo tun da hantsi. A na huɗu tsumman ya jiƙe ya manne. A na biyar wari ya cika ɗakin, ƙannena suka koma cin abinci a zaure, ƙudaje suka same mu. Nakan zauna da mafici ina kora, yana rawar sanyi cikin bargonsa na soja. Na ce, "Baba, ko sau ɗaya a wanke, ba wanda zai sani." Ya ce, "Saura biyu, Uwani. Na taɓa yin kwana goma sha ɗaya a cikin taɓo." A na bakwai kumburin ya haura gwiwa, wani jan layi ya miƙe zuwa cinya.

Ranar Litinin muka shiga babbar mota mai ɗaukar fatu, ni da shi da Baffa, sule uku-uku. Aka shimfiɗa masa tabarma a kan kaya. Bayan Bunkure rafi ya cika, motar ta kafe a laka tun kafin azahar, ba a fitar da ita ba sai da rana ta yi ja. Ruwa ya sauko mana sau biyu. Baffa ya tuɓe rigarsa ya rufe ƙafar, shi ya zauna a tsirara daga ƙugu zuwa sama yana karkarwa. Duk ramin da motar ta faɗa sai Baba ya damƙe hannuna, bai yi ko nishi ba. Muka sauka a gidan wani ɗan garinmu a birni.

Da safe muka tarar da layi a barandar asibitin, tsofaffin sojoji sun fi talatin. Wani ba ido, wani hannun rigarsa a naɗe da allura, wani yana ta magana shi kaɗai. Da warin ƙafar Baba ya kai musu, wani dattijo mai sanda biyu ya ce, "Kai, wannan ya shirya da kyau." Suka yi dariya. Ashe da yawansu haka suka yi. Baffa ya dube ni, wato kin gani. Muka zauna daga safe har bayan azahar ba a kira mu ba, aka ce likitoci sun tafi cin abinci. Sai kusan la'asar masinja ya kira lambar Baba ta soja. Baffa ya sunkuya zai goya shi, ya ture shi, ya miƙe a kan sanda. Taku goma sha huɗu ne zuwa ƙofar, na ƙirga. Da ya shiga ya ƙame ya sara musu.

Likita biyu ne, Bature tsoho da wani saurayi baƙar fata. Sai da aka jiƙa tsumman kafin ya ɓanɓaru. Baturen ya sa wani siririn ƙarfe a ramin, na ji yana taɓa ƙashi. Saurayin ya ga littafi a hannuna, ya tambaye ni da Turanci wa yake wanke ciwon nan. Na ce ni da mahaifiyata. Ya ce yaushe rabon da a wanke? Na sunkuyar da kai. Ya daɗe yana kallona, sannan ya ce a hankali, "Ke da kika yi makaranta." Har yau in na tuna sai in ji kamar yanzu ya faɗa.

Ta bakin tafinta suka ce ƙashin ya ruɓe, ƙarfen yaƙi ne ya jawo, sun rubuta masa nakasa kashi saba'in cikin ɗari. Ƙafar sai an yanke, amma jininsa ya yi ƙasa, ba zai ɗauki aiki yanzu ba, kuma ba gado. A koma gida, allura sau biyu a rana, ƙwai da madara da nama, a dawo bayan mako shida. Aka wanke, aka ɗaure da farin bandeji. A waje Baffa yana ta murna, "Saba'in! Na Rurum ma hamsin ya samu." Baba ya jingina da bango idonsa a rufe.

Allura biyu a rana fam shida ke nan a wata. Tafiyar ta cinye ɗan abin da Inna ta ɓoye. Amma muna da sa rai, an ce kuɗin gwamnati zai koma fam uku, ga na kamfani fam biyu da sule goma, ga albashina yana tafe. Malam Isa ya dawo da kekensa safe da yamma, bai ce mana "ai na faɗa" ba.

Ƙarshen wata, mako na tara, Baba bai iya tashi ba, muka tafi ni da Baffa da takardar wakilci. A ofishin hakimi aka ƙirgo mana fam ɗaya da sule goma. Baffa ya ce ina ƙarin? Aka ce takardar likitoci ta tafi sama, sai an sa hannu ta dawo, watakila wata biyu, watakila uku, amma za a biya na baya. Muka wuce kamfani. Malam Tanko ya buɗe aljihun tebur ya ajiye fam ɗaya.

Baffa ya ce, "Saura."

"Shi ke nan, Malam Sale."

"Shi ke nan kamar yaya? Fam biyu da sule goma yake karɓa."

Malam Tanko mutum ne siriri mai sanyin magana. Ya cire tabarau ya goge. Ya ce, "Asusun nan bai yi wa Saje alkawarin fam biyu da sule goma ba. Rabin albashinsa ya yi masa alkawari, fam huɗu. Abin da gwamnati ta ba shi saboda ciwon, a cire, mu cika saura. Da tana ba da ɗaya da rabi, muna cika biyu da rabi. Yanzu ta ce uku, mu cika ɗaya."

Na ce, "Amma Malam, ba su fara ba da ukun ba."

"Na sani, 'yata. Sakamakon likitoci ya iso babban ofishinmu, tun da kun sanar da mu sai suka nema. A wajensu ranar da aka rubuta ita ce ranar da ta fara."

Baffa ya buga tebur. "Wato duk wahalar nan don mu sauke wa kamfani kaya muka yi? Ko sisi ba zai ƙaru ba?"

"Ko ahu."

"To me ya sa ba ka faɗa ba, kai da wasiƙa ta biyo ta hannunka?"

Malam Tanko ya buɗe baki, ya rufe. Ya mayar da tabaransa ya ce, "Allah ya ba shi lafiya." Na tsane shi a ranar. Na tsani hannuna da ya rubuta wasiƙa ta biyu.

Muka koma gida. Da muka gaya wa Baba, na zaci zai yi faɗa ko ya yi salati. Sai ya ce, "To. A ba wa Hajara ta riƙe." Ya juya ya fuskanci bango.

Fam biyu da sule goma, a watan da ake bukatar shida na allura kawai. Inna ta sauke kwanukan jerenta ta aika kasuwar Kibiya. Baffa ya sayar da ɗan bijiminsa a tsakiyar damina, lokacin da dabba ba ta da daraja, ya kawo kuɗin a hula ya ajiye bai dubi kowa ba. Wata Bafulatana da ke kawo mana nono tun ina yarinya, Dada muke ce mata, ta riƙa ajiye ƙwaryar madara kowace safiya, in Inna ta ɗauko kwabo sai ta ce, "Kul, ba da ke nake ba, da Saje nake." Shugabar makarantarmu ta ba ni sule goma daga aljihunta. Mutane sun yi mana kirki, ban manta ba. Amma kirkin bai kai kwalba sittin ba.

A mako na goma aka koma allura ɗaya a rana. A na goma sha ɗaya aka koma kwana ɗaya a yi, kwana ɗaya a bari. Na sake rubuta wa kamfani ina roƙon su dakata da ragin har gwamnati ta fara biya, aka amsa da layi biyu cewa ƙa'ida ce. Na rubuta wa ofishin tsofaffin sojoji, ba a amsa ba. Yatsun ƙafar suka yi sanyi, suka yi baƙi ɗaya bayan ɗaya. Baba ya daina cin tuwo, sai kunu, sai madarar Dada cokali-cokali. Idonsa ya yi rawaya. Wani lokaci yakan kira sunayen mutanen da ba mu sani ba, yana ce musu su sunkuya.

Wata rana da walaha hankalinsa ya dawo sarai. Ana yankan gero a gonakin bayan gida, muna jin muryoyin masu aiki. Ya ce, "Uwani, kin daina gaida Baffanki."

Na ce ina gaishe shi.

"Da baki. Ki gaishe shi da kyau."

Na ce, "Baba, da bai zo da maganar nan ba, da yanzu kana zaure."

Sai ya ce, "Karanta mini na hadarin nan." Na ɗauko littafin, na karanta. Kafin in kai baiti na huɗu ya yi barci.

Mako shidan da likita ya ɗiba ya cika ranar Talata, ba mai maganar mota, don ko juya shi aka yi sai ya suma. Ranar Alhamis da hantsi ya cika, kansa a cinyar Inna, Baffa yana riƙe da ƙafar mai lafiya yana kuka kamar yaro.

Kwana goma sha tara bayan an binne shi masinja ya kawo kuɗin baya na gwamnati, cif-cif, ba a rage ko kwabo ba. Inna ta ce a ajiye a kan tabarma, ba ta taɓa da hannunta ba sai washegari. Na kamfani kuwa ya tsaya tun daga watan rasuwar. Albashina ya fito a makon da ya biyo.

Bayan Inna ta fita takaba aka kira ta ofishin hakimi, aka ce gwamnati za ta riƙa ba ta fam ɗaya da sule goma kowane wata, na matar soja. Muka ɗauka tausayi ne irin na hukuma. Da shi da albashina aka riƙe gidan, ƙannena biyu suka gama makaranta, Inna ba ta taɓa zama a gidan wani don abinci ba. Ta karɓe shi shekara da shekaru. Baffa kuwa ya rage zuwa, in ya zo a zaure yake tsayawa, surutun nan duk ya tafi. Nakan durƙusa in gaishe shi, in tashi. Ban taɓa gaishe shi yadda Baba ya ce ba. Ya rasu a Lausu shekara shida bayan yayansa.

Na yi aure, na haihu, aka mayar da ni makarantar Kibiya. Wata ranar kasuwa na ga wani tsoho a ƙarƙashin tsamiya kusa da kotu, da ɗan tebur, yana rubuta wa mutane wasiƙa. Sai da ya cire tabarau ya goge na gane Malam Tanko ne. Na so in wuce, ya riga ya gan ni. Ya ce, "'Yar Saje ce? Zauna, don Allah." Muka gaisa. Ya tambayi Inna, na ce tana nan. Ya ce, "Tana samun kuɗin?" Na ce tana samu. Ya ce alhamdu lillahi har sau uku.

Na ce, "Malam, tambayar da Baffana ya yi maka ran nan, ba ka amsa ba."

Ya daɗe yana gyara takardun da ba su bukatar gyara. Sannan ya ce, "Alkawari na ɗauka, amma ina ganin ya isa haka. Ranar da aka sallami mahaifinki, ni na karanta masa dokar asusun, na fassara masa layi-layi. Maganar ragin nan sau biyu ya sa na maimaita. Ya gane ta fiye da ni. Sai ya ce, Tanko, in na mutu, a cikin kuɗin nan biyu wanne ne zai bi iyalina? Na ce na kamfani a bakin kabari yake tsayawa. Na gwamnati kuma yana bin matar soja, amma sai in likitocinsu sun rubuta tun yana da rai cewa raunin yaƙi ne ya kwantar da shi, kuma ya yi tsanani. In babu wannan takarda, ko sisi. Ya ce in rufe bakina, kada kowa a gidansa ya ji."

Na tambaye shi yaushe ke nan. Ya ƙirga da yatsu. Wata goma sha ɗaya ne kafin Baffa ya shigo gidanmu da labarin mutumin Rurum.